Karen da ya yi maka gadi, kada ka yi masa butulci

Duk wanda ke zaune a bayan gari a Bauchi, ko Yalwa ne, ko Fadamar Mada, ko sababbin unguwannin hanyar Jos, ya san kare ya zama mai gadin da ba a biyansa albashi. Mafarauta kuwa tun kaka da kakanni da shi suke shiga daji. Sai dai yadda muke moron karen nan da lafiyarsa, ba haka muke kula da shi ba ranar da ya kwanta. Ciwon da ya fi tona mana asiri a wannan fanni shi ne ciwon daji.

Abin da aka saba gani shi ne, kare ya fara rama, wani ƙari ya fito masa, sai a shafa baƙin mai, a murƙushe ƙwayar mutane a tura masa cikin tuwo. In abin ya ƙi, a kore shi bola, ko a miƙa shi ga masu sayen karnuka da ke kaiwa kasuwar Dawaki ta Jihar Filato. A ɗaya ɓangaren kuma akwai mai hali da ya sayo karen ƙasar waje, wanda zai yi ta zuba kuɗi yana ja wa dabba wahala don ya kasa rabuwa da ita. Duk su biyun sun tsallake tambaya ta farko: wane irin daji ne?

Amsar tana da muhimmanci domin akwai wanda ake warkewa. Dajin da ya yawaita a tsakanin karnukan da ke yawo a gari shi ne wanda ake ɗauka wajen barbara. Za ka ga jini na ɗiga daga al'aurar kare ko karya, in an duba a tarar da tsiro ja mai saurin fashewa. Ƙwayoyin dajin ne da kansu suke tsallakawa daga wannan kare zuwa wancan, abin da wani likitan dabbobi ɗan Rasha, Novinsky, ya nuna tun 1876. Muninsa a ido ya fi haɗarinsa. Allurar vincristine ta jijiya, sau ɗaya a mako, na makonni 4 zuwa 6, tana warkar da mafi yawan karnukan da suka kamu. Karnuka nawa muka yar saboda ciwon da wata ɗaya da rabi zai kawar?

Dajin nono a jikin karya shi ma yana da sauƙi in an farga da wuri. Kusan rabin ƙarin da ke fitowa a nonon karya ne ke zama mugu, kuma tiyata tun yana ƙarami tana iya raba ta da shi. Cire wa karya mahaifa da ƙwai tun tana ƙarama yana rage haɗarin sosai, ya kuma hana ta yawon barbara.

Akwai kuma wasu iri uku, su ne masu zafi, kuma a kansu ya kamata likita ya faɗi gaskiya. Dajin kaluluwa yana bayyana da kumburi mai tauri marar zafi a ƙarƙashin muƙamuƙi, gaban kafaɗa da bayan gwiwa. In ba magani, kare ba ya wuce makonni 4 zuwa 6 galibi. Ƙwayar prednisolone mai araha tana ba shi wata ɗaya zuwa uku cikin sauƙi, cikakken jerin alluran daji kuma yana kai shi kimanin shekara guda. Dajin ƙashi ya fi kama manyan karnuka, yana farawa da ɗingishi da kumburin ƙafa mai tsananin zafi. Yanke ƙafar yana cire zafin, amma shi kaɗai watanni 4 zuwa 5 yake bayarwa domin yawanci ciwon ya riga ya kai huhu. In an haɗa da allurai, watanni 10 zuwa 12. Na ukun shi ne dajin jijiyoyin jini da ke kama saifa, wanda ya fi addabar karen Jamus da masu gidaje ke so. Kare yana lafiya da safe, da yamma ya zube, dasashinsa ya yi fari fat, ciki ya kumbura da jini. Tiyata kaɗai wata ɗaya zuwa uku take ƙarawa.

Waɗannan alƙaluma daga asibitocin Turai da Amurka suke, inda kayan aiki ke wadace. A nan, wanda ke son bin wannan hanya sai ya fara da asibitin dabbobi na cikin gari, daga nan a tura shi Zariya, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, ko a aika samfurin gwaji Vom, cibiyar binciken da ke aiki tun 1924.

Na san abin da wani zai ce: mutane na kwance da ciwon daji a asibitin koyarwa na Bauchi ba su da kuɗin allura, kai kana maganar kare. Maganarsa gaskiya ce, shi ya sa ban ce kowa ya sayar da gona don kare ba. In kuɗin alluran daji zai taɓa kuɗin makarantar yara, yara ne a gaba. Abin da ke wuyan mai kare shi ne abin da yake iyawa: a gano ciwon, a rage zafi, a ba shi inuwa, ruwa mai tsabta, abinci mai laushi, a wanke gyambo don kada ƙuda ya yi tsutsa a ciki. Kuma a daina ba shi ibuprofen da diclofenac na mutane, domin suna huda masa ciki su lalata ƙoda. Likitan dabbobi yana da maganin zafin da ya dace da nauyin kare.

Addini ma bai bar mu a duhu ba. Shari'a ta halatta riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wanda Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa har ta mutu da yunwa. Wanda ya ɗaure kare mai ciwo a rana ya manta da shi, sai ya duba wane labari ne ya fi kusa da shi.

Yaya za ka san lokacin rabuwa da karen ya yi? Dabba ba ta da bakin faɗa, amma jiki magayi. Duba ko yana ci yana sha, ko yana iya tashi ya yi bahaya nesa da makwancinsa, ko numfashinsa na fita ba wahala, ko har yanzu yana kaɗa wutsiya in ya ji motsinka. Rataya kalanda, ka riƙa sa alama a ranar daɗi da ranar wuya. In ranakun wuya suka rinjayi na daɗi kuma magani ya daina aiki, zauna da likita kan allurar da ke sa dabba barci ta wuce ba tare da azaba ba. In zuciyarka na wasiwasi, tambayi malaminka. Guba da duka da jefarwa a rami dai ba su da gurbi.

Roƙona ga ma'aikatar da ke kula da dabbobi a jiha shi ne, duk lokacin da aka fito rigakafin haukan kare, a haɗa da duba ƙari da yi wa karnuka fiɗiya a farashi mai sauƙi, a kuma ajiye vincristine a asibitin gwamnati. Kai kuma mai kare, shafa jikinsa sau ɗaya a wata. Ƙarin da ka gano yana ƙarami shi ne wanda aljihunka zai iya ɗauka.