Direbobi A Riƙa Duba Shekarun Taya

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja kunnen direbobin da ke ɗaukar mu da kayanmu zuwa kasuwanni.

Ni manomi ne, da rani kuma ina ɗan taɓa saye da sayar da hatsi. A bazarar 2023 mun taso daga Giwa za mu Zariya cikin wata a-kori-kura shaƙe da masara, sai tayar gaba ta fashe, motar ta kwanta a gefen hanya. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma wani dattijo ya karye a cinya, ni kuma buhuna uku suka yage. Direba sai rantsuwa yake yi, wai ko wata biyu bai yi da sayen tayar ba, ga zanenta nan raɗau.

Wani mai faci ne ya warware mana. Ya nuna mana wasu lambobi huɗu a gefen tayar, a ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT. Ya ce biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tamu 1412 aka rubuta, wato sati na 14 na shekarar 2012. Ashe 'yar gwanjo ce mai shekara goma sha ɗaya!

Jama'a, kyan zane ba shi ne lafiyar taya ba. Roba tana bushewa ko da a ɗaki aka ajiye ta, balle ga zafin kwalta ga lodi fiye da ƙima. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana cewa shekara huɗu ne wa'adin taya. Kamfanin Michelin ma ya ce in ta cika goma a cire ta, komai kyanta. Haka in an ga tsattsagewa ko kumburi a gefe, to ta gama aiki.

Na san sabuwar taya ta yi tsada, amma ai ba ta kai ran mutum ba. Don haka ina kira ga shugabannin tasha su riƙa duba lambar nan kafin a yi lodi. Mu fasinjoji kuma mu daina jin nauyin duƙawa mu duba da kanmu. Ni dai tun ran nan ba na ɗora buhuna sai na karanta.

Allah Ya kiyaye mu, amin.

Naka mai karatu kullum,
Wani manomi daga Giwa, Jihar Kaduna.