Shikago: Garin Da Ya Ci Arzikin Shanun Wasu

Duk falken shanu da ke zaune a Kudu ya kamata ya san labarin birnin Shikago na ƙasar Amurka, domin babu garin da ya taɓa cin arzikin dabba kamarsa, ko da yake ba a ƙasarsa ake kiwon yawancinsu ba.

A shekarar 1833 Shikago ƙauye ne a bakin tafkin Mishigan, mutanensa ba su kai 500 ba. Kafin 1890 ta fita sun wuce miliyan ɗaya, duk da gobarar 1871 wadda ta bar mutum wajen 100,000 ba wurin kwana. Abin da ya ɗaga garin shi ne hanyoyin jirgin ƙasa da suka haɗu a cikinsa. A ƙarshen 1865 aka buɗe babbar kara a kudancin birnin. Makiyaya kan koro shanu a ƙasa tun daga Teksas har tashoshin Kansas, tafiyar wata biyu ko uku, a ɗora su a jirgi sai Shikago.

To, wa ya ci ribar? Makiyayi dai ya sha rana da ƙura, an sallame shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kuɗin gaske sun tsaya ne a hannun masu mayanka, irin su Philip Armour da Gustavus Swift. Shi Swift ɗin nan ya lura cewa ɗaukar sa da rai zuwa Niyok asara ce, tun da kusan rabin nauyinsa ba nama ba ne, ga rama a hanya, ga mutuwa. Wajen 1880 sai ya shiga yanka a Shikago yana aika naman cikin taragu masu ƙanƙara. Kamfanonin jirgi suka ƙi ɗauka don kada su rasa kuɗin dakon dabba mai rai, mahautan gabas kuma suka yi ta kushe naman. Duk a banza, domin nasa ya fi araha. Haka nan kuma ba a zubar da komai: kitse ya zama sabulu, ƙashi da jini su zama taki, ƙaho ya zama maɓalli.

Masu aikin kuwa baƙi ne, 'yan ci-rani daga Jamus da Folan da sauran ƙasashen Turai, daga baya kuma baƙaƙen fata da suka gudo daga kudancin Amurka. A 1921 mutum wajen 40,000 ke cin abinci a wurin. Ladan kaɗan ne, ƙazanta kuwa ba a magana, har sai da littafin Upton Sinclair na 1906 ya tona asiri, gwamnati ta kafa dokar duba nama a wannan shekarar. Naman aka gyara, ma'aikacin kuwa ya daɗe yana jira.

Amma dabarar da ta gina kasuwar ita ce ta kashe ta. Da manyan tituna da motoci masu sanyi suka yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka ga babu dalilin kai dabba Shikago ma. Aka gina mayanka a jihohin kiwo, watau Nebraska da Kansas da Ayowa. Kafin 1960 manyan kamfanonin sun rufe mayankarsu ta birnin, kara kuma ta watse a watan Yuli na 1971. Dillalai da masu masauki da 'yan dako kowa ya kama gabansa.

Mai karatu da ya san yadda tirela ke kwana biyu a hanya daga Potiskum ko Maigatari zuwa Agege, da yawan dabbar da ke faɗuwa kafin a iso, ya san lissafin da Swift ya yi ba na Amurka kaɗai ba ne. Ranar da mai jari ya samu wutar lantarki tsayayya ya kafa mayanka a Arewa, mutanen karar Kudu ne za su fara ji a jikinsu. Gara ƙungiyoyin fatake su haɗa kuɗi su zama su ne masu motar sanyin.

Shi dai Shikago bai durƙushe ba, don yana da wasu sana'o'in, kuma mutanensa sun kai miliyan 2.7 a ƙidayar 2020. Daga tsohuwar kara ƙofar dutse kaɗai ta rage. Sai dai tun 1964 kasuwar hada-hadar birnin ke cinikin shanu a takarda, ana yanke farashin dabbar da ko warinta ba a ji ba.