Ra'ayinmu: Zarton Fetur ko na Lantarki a Gidajen Cikin Birni?

Duk shekara iskar farkon damina sai ta bar wa mutanen cikin badala aiki. Reshen darbejiya ya karye ya kwanta a kan kwanon maƙwabci a Yakasai, ko mangwaron tsakar gida ya jingina da katangar ƙasa a Mandawari. A da mai gatari ake kira. Yanzu wasu magidanta sun fara taya zarton inji, suna tambaya: mai fetur ko mai lantarki?

Mai fetur yana da hujjarsa, kuma ba ƙarama ba ce. Ya fi ƙarfi, ba ya jiran KEDCO ta kawo wuta, sannan mai gyaran janareta na bakin titi ba zai rasa gane cikinsa ba, tunda shi ma fetur ake gauraya masa da baƙin mai. Kamfanin Stihl na Jamus, mai ƙera irin wannan zarto, awon da ya bayar shi ne kashi 1 na mai a cikin kashi 50 na fetur. Wanda ya zuba fetur zalla, injin ya ƙone. Ga mai sana'ar sare itace a daji, babu ma abin tattaunawa, wannan ne nasa.

Amma gidan cikin birni ba daji ba ne. Tsakar gida kewaye take da katanga, hayaƙi ba ya samun mafita, ga mata suna girki, ga yara a gindin murhu. Ƙarar mai fetur ta haura desibel 100, a lungun da tarin maƙwabci ma ana jinsa ta bayan bango. Tsadar fetur tun cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023 kowa ya san ta, sai dai ba ita ta fi damun mu ba. Magidanci bai fi ya taɓa injin nan sau biyu a shekara ba. Fetur ɗin da ya yi watanni a ciki yakan yi danƙo ya toshe kafireta, ranar da reshe ya faɗo kuwa a yi ta jan igiya har kafaɗa ta gaji.

Na lantarki iri biyu ne: mai waya da mai batir. Mai waya ya fi araha da sauƙin ɗauka, amma yakan ci wat 1,800 zuwa 2,000, ƙaramin janaretan da bai kai wat 1,000 ba kuma ba zai ɗaga shi ba. Jan wayar wuta cikin jiƙaƙƙun rassa ma ganganci ne. Mai batir ba shi da hayaƙi, da latsawa ɗaya ya tashi, ana cajinsa da sola. Aibinsa a fili yake: caji yakan ƙare ana tsakiyar aiki, zafin Afrilu yana rage wa batir kwana, sabo kuma da tsada.

Mu dai mun tsaya a kan mai batir. Sassabe rassa da yanka itacen girki shi ne aikin gida, kuma ya ishe shi. In gungumen tsohuwar tsamiya ne, ko reshen da ya rataya kusa da wayar wuta, kada maigida ya hau da kansa ko da wane irin zarto ne a hannunsa, domin bakin zarton yakan yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi. A ɗauko gwani da injinsa da igiyarsa, a sanar da maƙwabci tun kafin a fara. In an gama na gida kuma, a zare batir a kulle shi a inuwa, inda hannun yara ba zai kai ba.