Kafin ku miƙa mulki, ku miƙa makullin shafin ƙungiya

Bari in ba ku labarin abin da ya hana ni barci, don kada wata ƙungiya ta faɗa ramin da muka faɗa.

Da aka zaɓe ni sakataren yaɗa labarai na ƙungiyarmu, na tarar domen ɗinmu, wato sunan shafinmu na intanet mai ƙarewa da .org, yana hannun wani kamfanin rajista na waje da ake biya da dala. Katin nairata ya ƙi biya, sai muka ce a dawo da shi kamfanin gida. Ashe jan aiki ne.

Kafin a ɗauke domen daga wani kamfani zuwa wani, sai an cire masa kulle, sannan tsohon kamfanin ya ba da lambar izini da ake kira EPP. Tamu lambar ina za ta je? Imel ɗin wanda ya yi rajistar. Shi kuwa bawan Allah ya gama tuni, yana can bautar ƙasa, ya ma manta kalmar sirrinsa. Sai da ya nemo tsohon layinsa muka samu shiga.

Cikin zumuɗi na canza sunan mai domen da imel zuwa na ƙungiya. Nan na tafka kuskure. A ƙa'idar ICANN, irin wannan canji na iya jawo kullen kwana 60 da ba a ɗauke domen a cikinsa, mu kuma saura kwana 40 wa'adinmu ya ƙare. Dole muka roƙi wani mai katin dala ya biya mana shekara guda. Da ba haka ba, shafin da sababbin ɗalibai ke duba masauki da lambobin shugabanni da ya mutu ana tsakiyar rajista.

Gaskiya ni ban ga laifin kamfanin ba, kullen nan don ɓarayi aka yi shi. Sakacinmu ne. Ranar miƙa mulki muna ba da hatimi da takardun banki, amma ba mai tambayar makullin shafi.

Don Allah shugabanni, ku yi rajista da imel na ƙungiya, mutum biyu su san kalmar sirri, a rubuta ranar ƙarewar wa'adi a takardar miƙa mulki. In za ku sauya kamfani, ku fara tun saura wata uku, kuma ku ɗauke domen ɗin kafin ku taɓa suna.

Ku naku shafin, a hannun wa yake? Ku tambaya yau. Allah ya sa mu dace.