Romon Baka Ba Ya Sauke Kumburin Ƙafa

Duk wanda ya shiga babban kantin sutura a goman ƙarshe na azumi ya gan mu. Mu ne masu warware leshi da shadda, mu ninke, mu sake warwarewa. Mu ne masu sauko da abaya goma ga hajiyar da a ƙarshe za ta ce, "Bari in zaga in dawo." Tun tara na safe muke tsaye, a tsaye muke shan ruwa da dabino, wani lokaci sai sha ɗaya na dare a ja ƙofa. Kujera ɗaya ce a kantin, ta mai karɓar kuɗi. Ka jingina da kanta kuwa, kyamara ta gan ka, manaja ya aiko a ce maka kwastoma ba ya son ganin malalaci.

Duk Litinin kuma a tara mu a ce mu 'yan gida ɗaya ne. Wane gida ne ake yanke wa ɗa albashi don ya makara da minti goma, amma ko sisi ba a ƙara masa in ya kai dare? A manna hoton "gwarzon wata" a bango, a tafa masa, ya koma gida da ƙafa kamar tulu.

Abin da ke damun mu yana da suna. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a matsayin matsalar da matsin wurin aiki ke haifarwa, mai alamomi uku: kuzari ya ƙare, aikin ya fita daga ran mutum, ƙwazo ya ragu. Masu kanti suna ganin ta ukun su kira ta lalaci, biyun farko kuwa su kau da kai.

Ba alfarma muke roƙo ba. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ce wanda ya yi aikin awa shida ko fiye a ba shi hutun da bai gaza awa ɗaya ba, da yini guda a kowane mako, da takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da ɗaukarsa. Mu nawa muka taɓa ganin takardar nan? Kujera ma an yi yaƙinta an ci: a jihar Kerala ta Indiya, mata masu sayar da yadi a manyan shaguna sun yi ta fafutuka har aka gyara doka a 2018, aka wajabta ba su wurin zama. Jihar Tamil Nadu ta bi sahu a 2021. Shagunansu ba su rufe ba.

Za a ce haya ta yi tsada, dizal ya tashi, kuma ga dubbai a waje suna neman aikin. Mun sani, mu ma a kasuwar muke cefane. Amma benci bai kai kuɗin turmin atamfa mai tsada ba. Kuma duk yarinyar da ta gaji ta tafi, tana tafiya da sanin wace kala Hajiya ke so, wace shadda ke zuba. Sabuwa sai ta yi watanni tana koyo.

Alhaji, murmushin da kake umartar mu da shi ba ya fitowa daga jikin da ya ƙare. Ka ba mu benci, da awar hutunmu, da takarda mai sa hannunka. Ke kuma Hajiya, in kin tarar da mu a zaune, kada ki kai ƙara. Za mu miƙe, da fara'a ta gaskiya.