Malamai su bi ɗalibansu har wurin aiki

Tun 1973 aka kafa shirin SIWES domin ɗaliban fasaha su koyi aiki da hannunsu. Ga ɗalibin Kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara, aikin na bakin ƙofa: ruwan madatsar Bakolori na shayar da gonakin shinkafa, injinan ban-ruwa da na casa kuwa kullum neman mai gyara suke, daga Dosara har Bakura.

Sai dai sa hannun malami kawai a littafin da ɗalibi ke rubuta aikinsa ba horo ba ne. Malami ya taka da kansa, ya zauna da makaniki su tsara abin da yaro zai koya, ya gan shi yana kwance famfo yana ɗaurawa. Muna kira ga gwamnatin Zamfara ta biya wa malaman nan kuɗin zirga-zirga, ta kuma tsare musu hanya.