Ƙirjin Roba: Wa Zai Biya Kuɗin Cirewa?

Mai karatu, a wajen wani biki a Kabo na ji maganar da ta hana ni sukuni. Wasu 'yan mata uku sun haɗa kai a kan waya, sai ɗaya ta ce ita adashe take zubi, in ta kwasa Legas za ta tafi a ƙara mata ƙirji, "irin na wance". Wancen kuwa wata mai rawa ce a TikTok. Na ce a raina, to fa, abin ya iso gida.

Masu tallar wannan tiyata hoton ranar farko kawai suke nuna miki. Ba sa faɗa miki cewa jakar silikon ɗin da ake cusawa ba ta zama har abada. Hukumar FDA ta Amurka da kanta ta ce duk daɗewar jakar a jiki, haɗarin matsala ƙaruwa yake, kuma mata da yawa sai an sake yanka su. Jiki baƙon abu yake ganinta, sai ya saƙa mata tantani ya kewaye ta. Tantanin nan kan taurare ya matse, nono ya koma kamar dutse, ya karkace, ga ciwo. Jakar kan fashe shiru ba ki sani ba, shi ya sa ake so a yi hoton MRI ko sikanin bayan shekara 5 zuwa 6, sannan duk bayan shekara 2 ko 3. Ke da ke Gwarzo, wa zai riƙa biya miki wannan? Adashen ai na sakawa ne kaɗai.

Kar kuma a ce ai a Turai abin lafiya lau ne. A 2010 Faransa ta haramta jakunkunan kamfanin PIP, bayan an gano silikon na masana'antu yake ɗurawa, ba na asibiti ba, alhali an riga an saka wa dubban ɗaruruwan mata a duniya. Mai kamfanin, Jean-Claude Mas, an yanke masa ɗaurin shekara 4 a 2013. A 2019 kamfanin Allergan ya janye jakunkunansa masu kaushin baya saboda wata sankara da ke tsirowa a tantanin nan. Mu ma nan ba mu manta ba: a Oktoban 2005 Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa sukutum, ta rasu a Sifen bayan tiyatar rage kitse, har kotu ta kama likitan da laifin sakaci a 2009. In kuɗi da gata na hana tsautsayin tiyatar ado, ai da ita ta tsira.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne na talaka. Wadda ba ta da kuɗin tiyata sai ta koma ga man shafawa, da ƙwayar "sha ka fashe", da allurar bayan shago. Silikon na ruwa in aka tsira shi a jiki yawo yake, yana iya bin jini ya toshe huhu, kuma ba a iya kwashe shi duka.

Ku kuma maza, kar ku noƙe. Wallahi da yawanku ku ne ummul'aba'isin abin. Mace ta haifa maka huɗu ta shayar da su, kai kuma ka zauna kana gwada ta da wadda ka gani a waya, alhali an yi wa hoton kwaskwarima. Haba malam!

Ban haɗa da wadda aka cire wa nono saboda sankara ba, wannan gyara ne na lalura, kuma ƙwararru ke yi. Amma ke mai adashe, kafin ki hau mota ki tambayi likitan: yana da rajista da hukumar MDCN? Wane kamfani ya yi jakar? Aikin zai taɓa shayarwa? In ta fashe, nawa ne cirewa, kuma wa zai biya?